Rigingimun Hoto Mai Zurfi da Kuskuren Masu Tallata Ƙirƙira Kafin Rajista

Hoto mai zurfi, wanda masu sayar da talabijin da gidajen sinima ke kira 3D, yana cikin fasahohin da aka fi daɗewa ana jayayya a kan mallakarsu. An fara cacar baki a kansa a jaridun Ingila tun shekarun 1850, kuma har 2017 kotunan Amurka suna sauraron ƙara a kansa. Tushen dabarar kuwa a fili yake. Tsakanin idon mutum na dama da na hagu akwai tazarar kamar santimita 6 da rabi, saboda haka kowane ido yana hango abu daga nasa ɓangaren, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa hotunan biyu ta fitar da nesa da kusa. Duk wanda ya miƙa yatsa a gabansa ya rufe ido ɗaya, sannan ya buɗe shi ya rufe ɗayan, zai ga yatsan ya gusa gefe. Aikin kowace na'urar 3D shi ne ta ba kowane ido nasa hoton: wata da madubi, wata da gilashi, wata da tabarau mai ido ja da shuɗi, wata kuma da siraran layuka a jikin allo da ke raba haske ba sai an sa tabarau ba.

Mutanen ƙasar Daura sun san wannan fasaha tun kafin sunanta ya iso. Abin leƙen nan da alhazai kan kawo wa yara tsaraba, wanda ake zura masa faifan kwali a danna a ga Ka'aba da Masallacin Madina, an kwaikwayo shi ne daga View-Master, wanda aka fitar a Amurka a 1939. Faifansa ɗaya na ɗauke da ƙananan hotuna 14, biyu-biyu, su ba da kallo 7.

Tun da yadda ido ke gani halitta ce, babu mai iya mallakarsa. Abin da ake mallaka shi ne takamaimiyar hanyar da mutum ya bi ya raba hotunan, kuma a nan takardar haƙƙin ƙirƙira ke shigowa. Yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma: shi ya rubuta yadda abinsa ke aiki filla-filla, ita kuma ta ba shi ikon hana kowa ƙerawa ko sayarwa ko shigo da shi ƙasar har shekara 20, bayan nan ya zama na kowa. Haƙƙin marubuta da mawaƙa da 'yan fim daban yake, tambarin kasuwanci daban, rajistar sunan kamfani a hukumar CAC ma daban, kuma babu ɗaya daga cikin ukun nan da ke tsare na'ura.

Akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida a tsakanin matasa masu fasahar hannu, daga Daura zuwa Mai'adua da Zango da Baure da Sandamu, kamar yadda take a sauran garuruwan Arewa. Yaro zai shafe watanni a shagon walda ko na gyaran waya yana harhaɗa wata na'ura, injin ban-ruwa ne ko murhu ko abin sussukar gero. Ranar da ta tashi sai a kira mai waya ya ɗauka, a buɗe cikinta ana nuna kowace waya da kowane noti, a ɗora a Facebook da TikTok. In an tambayi dalili sai a ce don a kafa shaida, kada wani ya wayi gari ya ce nasa ne. Jama'a su yi ta sa albarka suna kiran gwamnati ta shigo. Bayan 'yan watanni in aka ga irin abin a kasuwa, sai a koma kukan an yi sata. Wannan fahimta kuskure ce tun daga tushe, kuma abin takaicin shi ne waɗanda ya kamata su gyara ta, wato malaman makaranta da 'yan jarida da masu muƙamai, su ne kan gaba wajen cewa a ɗauka a watsa.

Dokar da ke aiki a Najeriya a kan wannan batu ita ce ta haƙƙin ƙirƙira da zane ta 1970. Sharuɗɗanta uku ne: abin ya zama sabo, ya zama akwai hikimar da masanin fannin ba zai hango ta kai tsaye ba, sannan ya zama ana iya ƙera shi ko aiki da shi a masana'anta ko a gona. Sharaɗin farko shi ke kayar da masu bidiyo. A wurin dokar, abu ya daina zama sabo muddin ya isa ga jama'a kafin ranar da aka shigar da takardar nema, a ko'ina ne a duniya, a rubuce ne ko da baki, ta hanyar amfani da shi ko ta kowace irin hanya. Dokar ba ta ce sai in wani ne ya fallasa ba. Mai ƙirƙirar da ya nuna cikin na'urarsa ga mutum dubu hamsin ya rusa sabuntarta da hannunsa, kuma bidiyon da ya ɗauka don kare kansa shi ne hujjar farko da lauyan abokin hamayya zai gabatar wa alƙali. Rangwame ɗaya kawai dokar ta yi, ga wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa na hukuma ko wanda hukuma ta amince da shi, shi ma da sharaɗin ya shigar da takarda cikin wata 6. A Amurka ana ba mai ƙirƙira shekara ɗaya bayan ya bayyana abinsa, shi ya sa shawarwarin da ake tsinta a intanet ke ruɗar mutane. Wannan sassauci na can ne, bai ƙetaro nan ba.

Haka kuma dokar ta damƙa haƙƙin ga wanda ya riga shigar da takarda, ko shi ne ainihin mai ƙirƙirar ko ba shi ba. Mai ƙirƙirar na gaskiya yana da ikon a ambaci sunansa a takardar, kuma in ya tabbatar a kotu cewa an ɗauki jigon abin daga wurinsa ba da yardarsa ba, haƙƙin ya dawo hannunsa. A nan bidiyo na iya yin ɗan amfani, domin zai nuna wanda ya riga wani, har ya taimaka a soke takardar wanda ya yi rajista daga baya. Sai dai soke takardar wani bai ba mai bidiyon tasa ba. Abin da ya faru kawai shi ne na'urar ta zama ta kowa, daga maƙerin unguwa har masana'antar da za ta iya fitar da dubu goma a wata, kuma kowa ya san wanda zai ci kasuwa a tsakanin su biyun.

Tarihin hoto mai zurfi ya nuna tun farko cewa riga wani nunawa suna yake kawowa, kuɗin kuma ya bi wata hanya. Charles Wheatstone ne ya gabatar da bayanin dabarar da na'urarsa mai madubi biyu a gaban ƙungiyar masana kimiyya ta Landan a 1838. Na'urar tana da girma, ta fi dacewa da ɗakin bincike. A 1849 David Brewster, ɗan Sikotilan, ya fito da ƙaramar akwati mai gilashi biyu da ake riƙewa a hannu. Jules Duboscq na Faris ya ƙera ta, aka nuna ta a babban baje kolin Landan na 1851, Sarauniya Victoria ta yaba, kasuwa ta buɗe. Daga nan Brewster ya duƙufa wajen rage wa Wheatstone daraja, yana cewa wani malamin lissafi na Edinburgh mai suna James Elliot ya riga shi tunanin. A 1856 suka yi ta musayar wasiƙu a jaridar The Times. Tarihi ya bar wa Wheatstone sunan, amma kuɗin ya shiga aljihun masu ƙera akwatunan da masu buga hotunan, irin su kamfanin London Stereoscopic da aka kafa a 1854.

Shi Brewster ɗin ya taɓa ɗanɗana abin da ake gargaɗi a kai. A 1817 ya sami takardar haƙƙi a kan wani bututun leƙe mai madubai a ciki, wanda in an juya shi gutsattsarin gilashi masu launi ke shirya kansu su ba da ado iri-iri. Kafin takardar ta fito, an riga an nuna samfurin ga masu sana'ar gilashi na Landan. Nan da nan suka kwaikwaya, aka sayar da kimanin 200,000 a Landan da Faris cikin wata uku, mai abin kuwa bai sami wani abin kirki ba. A zamanin da labari ke tafiya da ƙafa ke nan. Yau da bidiyo ke isa Kano da Legas da Guangzhou a dare ɗaya, ba sai an faɗi sauran ba.

Akwai kuma wanda ya bar nasa da gangan. Oliver Wendell Holmes, likita kuma marubuci a Amurka, ya tsara abin leƙe mai sauƙi da araha a 1861, ya ƙi neman takarda a kansa, ya bar kowa ya ƙera. Nasa ne ya mamaye gidajen Amurka shekaru da dama. Wannan sadaka ce, kuma mai ita ya san abin da ya bayar. Wanda ya yi niyyar haka babu mai ganin laifinsa. Laifin yana ga wanda ya zubar da abinsa a titi da sunan adanawa, sannan ya zo yana neman wanda zai kama.

Shari'ar da ta fi kowace bayyana yadda al'amarin yake ita ce ta Seijiro Tomita da kamfanin Nintendo. Tomita injiniya ne ɗan Japan da ya yi kusan shekara 30 a kamfanin Sony kafin ya ajiye aiki ya koma bincike na kansa. Ya tsara hanyar ɗaukar hoto da kyamara biyu da nuna shi da zurfi ba tare da tabarau ba, aka ba shi takarda a Amurka a 2008. A 2011 Nintendo ya fitar da na'urar wasa ta hannu mai suna 3DS, mai kyamara biyu a bayanta da allo mai nuna zurfi. A shekarar Tomita ya kai ƙara kotun tarayya da ke New York, ya ce tun 2003 ya je hedikwatar kamfanin a Kyoto ya nuna wa jami'ansa samfurinsa, kuma wasu daga cikin waɗanda suka zauna da shi suna cikin masu haɗa 3DS. A watan Maris na 2013 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka ba shi gaskiya da diyyar dala miliyan 30.2. Alƙali Jed Rakoff ya ga kuɗin sun yi yawa, ya raba su biyu zuwa miliyan 15.1, daga baya kuma ya yanka masa kashi 1.82 cikin 100 na kuɗin sarin kowace na'ura da za a sayar nan gaba.

A nan yawancin masu ba da labarin ke tsayawa, domin labari ne mai daɗi: ƙaramin mutum ya kayar da babban kamfani. Ƙarshensa kuwa daban ne. A Disambar 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta ce an yi kuskure wajen fassara wata gaɓa ɗaya a takardar Tomita, wadda ta shafi yadda ake gusa hoton dama da na hagu don su daidaita, ta mayar da shari'ar baya. A Afrilun 2016 alƙali Rakoff ya yanke cewa 3DS tana kaiwa ga irin wannan sakamako ne ta wata hanya daban, da lissafin manhaja, alhali takardar Tomita ta siffanta wani tsarin kayan lantarki. Saboda haka babu keta haƙƙi, diyyar ta rushe. A Maris na 2017 kotun sama ta tabbatar da hukuncin. Shekara shida ana shari'a, mutumin da ke da takarda da lauyoyi da hujjar cewa ya zauna da mutanen kamfanin ya tashi babu ko dala.

Dalilin shi ne takardar haƙƙin ƙirƙira tamkar gona take: abin da ke cikin iyakar da aka shata shi ne na mai ita, kuma maƙwabci na iya noma har bakin gamba ba a ce ya ci iyaka ba. Iyakar ita ce jerin da'awar da ake rubutawa a ƙarshen takarda, jimla bayan jimla. Tunanin “hoto mai zurfi ba tabarau” ba na Tomita ba ne, domin tun 1903 Frederic Ives ya sami takarda a Amurka a kan raba hoto da siraran layuka. Nasa shi ne abin da ya rubuta, yadda ya rubuta shi. In mai takarda ya faɗi saboda fassarar gaɓa ɗaya, sai a auna matsayin wanda hujjarsa duka ita ce bidiyon minti uku da shaidar 'yan unguwa.

Takarda kuma tana cin nasara in an rubuta ta da kyau. Bayan fim ɗin Avatar na 2009 ya sa gidajen sinima rububin kayan 3D, kamfanin RealD ya kai ƙarar abokin gasarsa MasterImage gaban hukumar cinikayyar ƙasa da ƙasa ta Amurka, wadda a 2016 ta hana shigar da kayan da suka keta haƙƙin, kuma a shekarar da ta biyo RealD ya saye kamfanin. A gida ma, a Janairun 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke a biya kamfanin Bedding Holdings sama da naira biliyan 17 a ƙarar da ya kai hukumar zaɓe ta INEC kan na'urorin rajistar masu zaɓe, hukuncin da aka ƙalubalanta daga baya. Masu cewa ai takarda ba ta aiki a Najeriya sun yi gaggawa.

Rashin jari da rashin wutar lantarki da tsadar lauyoyi duk suna cikin abubuwan da ke danne masu ƙirƙira, amma waɗannan ba su hana mutum kama bakinsa. Masu cewa ilimi na Allah ne, bai halatta a killace shi ba, su ma an daɗe da ba su amsa: Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da na tambarin kasuwanci dukiya ce da shari'a ta tsare, bai halatta a keta ta ba.

Abu na farko da ya wajaba a kan mai ƙirƙira shi ne shiru, kuma shi ne ya fi wuya, domin wanda ya sha wahala yana son a yaba. Babu bidiyo, babu hira da gidan rediyo, babu kai na'ura fada ko sakatariyar ƙaramar hukuma a taru a kalla, babu sayar da ko guda ɗaya, har sai takarda ta shiga kuma an karɓi shaidar ranar shigarta. In ya zama dole a nuna wa mai kuɗi cewa abin na aiki, a nuna sakamakon a rufe cikin. Wanda ba makawa sai ya ga cikin, kamar mai walda ko mai haɗa lantarki ko wanda zai zuba jari, ya sa hannu a takardar riƙe sirri a gaban shaidu kafin a buɗe masa. A al'adar ƙasar nan ana jin nauyin neman sa hannu daga ɗan'uwa ko aboki, ana ganin kamar zargi ne. Wannan kunya ba ta da gurbi a nan, kuma addini da kansa ya yi umarni da rubuta bashi, balle abin da mutum ya zuba shekarunsa a kai. A kuma riƙe littafi mai ɗinki, a riƙa rubuta kowane gwaji da zanensa da kwanan watansa, a ajiye rasiɗin kayan da aka saya.

Na biyu shi ne bincike kafin a kashe ko kwabo. Yawancin abubuwan da ake yayatawa da sunan sabuwar ƙirƙira ba sababbi ba ne. Haɗa ƙaramin jirgi ko mota daga tarkacen ƙarfe gwaninta ce da ta cancanci yabo da tallafin karatu, amma ba a ba da takarda a kan abin da duniya ta sani shekara ɗari. Rumbunan takardun ƙirƙira na duniya a buɗe suke kyauta, irin su Google Patents da Espacenet da Patentscope, kuma waya ta isa a duba su. Wanda ya duba ya tarar an riga shi bai yi asara ba. Duk takardar da ta wuce shekara 20 ta zama ta kowa, da zanenta da bayaninta, haka ma wadda ba a yi mata rajista a Najeriya ba, ana iya ƙera abin da ke cikinta a sayar a cikin ƙasar. Ɗalibin da ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, ko a Jami'ar Sufuri ta Tarayya, yana da taskar dabaru a tafin hannunsa wadda iyayensa ba su taɓa mafarkinta ba. Sau da yawa ƙirƙirar da za ta samu takarda ma gyara ce a kan tsohon abu, kuma dokar ta yarda da gyara in shi ma sabo ne kuma akwai hikima a cikinsa.

Ɗalibai da ma'aikata suna da nasu tarkon. Kundin kammala karatu da aka ajiye a ɗakin karatu inda kowa zai iya ɗauka bayyanawa ce, haka ma maƙalar da aka gabatar a taro. Malamin da ya ga ɗalibinsa ya zo da abu mai daraja, haƙƙi ne a kansa ya tsayar da shi a yi rajista kafin a kai ga nan. Sannan abin da mutum ya ƙirƙira a bakin aikin da aka ɗauke shi, ko a aikin da aka ba shi kwangila, doka ta ba wanda ya ɗauke shi aikin, ko da yake a wasu halaye ma'aikacin yana da haƙƙin a biya shi lada na adalci. Gara a san matsayin makaranta ko ma'aikata tun ana shiri da juna.

Ita rajistar ana yin ta ne a ofishin rajistar tambura da haƙƙin ƙirƙira da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Ana buƙatar suna da adireshi, cikakken bayanin abin da zanensa, jerin da'awa, da kuɗin rajista. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa tun 1979, tana taimaka wa masu bincike da masu ƙirƙira wajen shirya takardu da shigar da su, kuma ta buɗe ofisoshi a jami'o'i da kwalejoji da dama. Inda ya kamata a kashe kuɗi shi ne rubuta da'awa. In ta yi ƙunci, mai kwaikwayo ya sauya noti ɗaya ya wuce. In ta yi faɗi har ta haɗa da abin da aka riga aka sani, kotu ta soke ta. Wannan aikin lauyan da ya san fannin ne tare da injiniya, ba na mai shagon buga takardu ba.

Wajibi ne kuma a san cewa ofishin rajistar Najeriya yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne. Dokar da kanta ta ce ana ba da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba, in an sami matsala mai ita ya ɗauka. Saboda haka satifiket mai hatimi da aka rataye a bango bai tabbatar da komai ba sai ranar da aka gwada shi a Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ke da hurumin irin wannan shari'a, kuma tana da reshe a Katsina. Mutumin da ya watsa bidiyo sannan ya je ya yi rajista zai iya samun satifiket ɗin, ya yi walima, amma duk mai sha'awar abin zai iya neman a soke shi. Akwai kuma kuɗin shekara-shekara, wanda in aka daina biya, bayan rangwamen wata 6, takardar ta mutu. Ya kamata a yi lissafi tun farko ko abin zai daɗe a kasuwa har ya biya wahalarsa. Manyan kamfanonin talabijin sun daina fitar da masu 3D zuwa 2017, Nintendo ma ya daina ƙera 3DS a 2020 bayan ya sayar da sama da miliyan 75. Wani abin gara a riƙe shi sirri, in ba a iya gano shi ta hanyar kwance na'urar. Wani kuma siffarsa ce sabuwa, kamar ƙirar kujera ko takalmi, shi rajistar zane ta dace da shi, wadda ke ɗaukar shekara 5, ana sabunta ta sau biyu.

Ga mutumin Daura akwai ƙarin magana da na Kano ko Zariya zai iya mantawa da ita. Takardar Najeriya a Kongolam, bakin iyakar Nijar, ƙarfinta ke ƙarewa. Wanda ya ƙetara ya ƙera irin na'urar a Matamaye ko Damagaram ko Maraɗi ya sayar a can bai taka dokar kowa ba, sai in ya shigo da ita Najeriya. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke ba da takarda ɗaya da ke aiki a ƙasashe 17, ciki har da Chadi da Kamaru da Benin, wato duk maƙwabtan Najeriya na tudu. Najeriya ba ta cikinta. Duk wanda kasuwarsa ta dogara da masu saye daga hayin iyaka, kamar yadda kasuwar Mai'adua take, yana buƙatar rajista biyu. Yarjejeniyar Faris, wadda Najeriya ta shiga a 1963, ta ba shi wata 12 daga ranar rajistarsa ta Abuja ya shigar a waje, a lissafa masa da ranar farko. Yarjejeniyar PCT, wadda ƙasar ta shiga a 2005, tana tsawaita wa'adin zaɓen ƙasashe zuwa wata 30 a yawancinsu. Babu wata takarda ɗaya da ta game duniya, kuma duk dillalin da ya yi alkawarin samo ta, kuɗin mutum yake nema. In wata 12 ɗin suka wuce ba a shigar ko'ina ba, kuma bayanin na'urar ya riga ya fita, to a sauran ƙasashen abin ya daina zama sabo, ko da mai shi ne ya zo nema.